Ranar da na riƙe hannun surukina

Ni da bakina na jawo wa kaina. Surukina ya zo cin kasuwar Talata Mafara daga Janbako, ya biyo gidana bayan azahar. Maimakon in bar hira ta tsaya kan tsadar shanu da lalacewar hanya, sai na ɗauko masa kundin kan sarkina. Wa ya aike ni?

Kan sarki nake tarawa, sababbi, waɗanda ba a taɓa liƙa wa wasiƙa ba. Darajarsu tana ga danƙon baya da haƙoran gefe da tsabtar fuska. Yatsa ɗaya mai maiƙo ya taɓa, masu tantancewa su zaftare maki, shi ke nan. Ni kaina da hantsaki nake ɗauka. Akwai wani tsohon bugu da na yi shekaru ina nema kafin in samu, kuma a satin nake shirin aika shi wurin masu tantancewa a ba shi maki. Shi na zaro daga ledarsa na ɗora kan farar takarda, ina ta zuba.

"Baba, wannan ba irin bugun yanzu ba ne mai santsi. A jikin ƙarfe aka sassaƙa hoton, tawada ta cika ramukan, aka danne takarda a kai. Shi ya sa tawadar ta yi tudu, har yatsa yana jin ta."

"Yatsa?" in ji shi. "To, bari mu jiya."

Surukina mahauci ne, gadon gidansu ke nan. Ba ya yarda da ido sai hannu ya shaida. Ko bijimi ba ya tayawa sai ya latsa gadon bayansa. Ga shi yanzun nan muka gama cin balangun da ya kawo tsaraba, hannun ma gogewa kawai ya yi. Ya kai babban yatsa baki ya lasa, kamar mai buɗe shafi. Ta ina zan ce wa uban matata kada ya taɓa? Yatsa kuwa sai sauka yake, ya nufi kan sarkin.

Caraf na cafke wuyan hannunsa.

Innalillahi! Matata tana bakin ƙofa da kwanon fura, ta daskare. Ya dubi hannuna, ya dube ni.

"Malam, hannun mahauci na, ko? Ƙazanta garai."

"Wallahi Baba, ba haka ba ne, danƙon ne…"

"Da wanga hannu na ba ka ɗiyata, ba ka ce a wanke ba."

Kunya ta kashe ni a zaune. Na durƙusa ina ba da haƙuri, ya ce ba komai, ya sa takalmansa, furar ma bai sha ba.

Har yau duk Talata yana zuwa kasuwa, ya ba ɗan acaba nama ya kawo wa 'yarsa. Gidana kam bai sake takowa ba.