Mangwaro Uku a Gonar Aro

Duk wanda ya miƙa wa Iliyasu hannu a kasuwar Ɗanbatta, yatsu uku yake kamawa. Sauran biyun sun tafi a kan gonar da ba tasa ba.

Gonar aro ce. Malam Ɗanliti ne ya ara wa mahaifinsa ita, tun Iliyasu bai yi aure ba. A ƙauyensu ba a haɗa aro da rance. Wanda ya ranta maka tiyar gero ya san cinyewa za ka yi, wata tiyar za ka mayar. Aro kuwa, abin da aka ba ka shi ɗin za ka mayar, ko garma ce, ko jaki, ko ƙasa. Shi ya sa mai gonar aro yake shuka abin da zai girbe a shekarar, da kaka ya kai wa mai ita dami ɗaya don kada a manta. Amma ba ya dasa itace. Wanda ya dasa itace, ya ce wurin nasa ne ke nan.

Iliyasu ya san haka sarai. Sai dai shekara ashirin da shida yana yi mata jigilar taki, har ya daina tuna cewa ta wani ce. Daminar da ta biyo bayan rasuwar Malam Ɗanliti, ya dasa mangwaro uku a bakin iyaka.

Wata rana da hantsi yana cikin noman gyaɗa, sai ga Kamaruddeen, babban ɗan marigayin, riƙe da adda.

"Baba Iliyasu, an sayar maka ne ba mu ji ba?"

"Inuwa ce kawai, Kamaruddeen. Tsufa ya zo."

"Yau inuwa. Gobe jikokinka su ce kakansu ne ya dasa."

"Tun kana yawo ba wando nake noma wurin nan."

"To, yanzu na sa wandon."

Kamaruddeen ya sare mangwaron farko. Ya sare na biyu. Iliyasu ya ruga ya dafe na uku da hannun dama, addar kuwa ta riga ta taho. Bai ji zafi ba a lokacin, sai dai ya ga yatsunsa biyu a ƙasa tsakanin kunyoyi, jini yana tsartuwa a kan ganyen gyaɗa. Ya suri fartanya da hagu ya zabga wa Kamaruddeen ƙotarta a muƙamuƙi. Saurayin ya zube yana tofar da haƙora, Iliyasu ya danne shi da gwiwa yana ƙara masa, har maƙwabtan gona suka iso suka ɓanɓare shi da ƙyar.

A gaban dagaci ba a daɗe ba. Kowa ya ji wa kowa rauni, aka ce kowa ya yi jinyar kansa. Gona kuma aro ce, shaidu sun sha ganin damin da ake kaiwa. Iliyasu ya cire gyaɗarsa, ya girbe geronsa, ya ɗauki damin ƙarshe a ka ya dire a ƙofar gidan marigayin, bai yi sallama ba.

Yanzu dillancin awaki yake yi, don hannun ba ya riƙe fartanya. Garmarsa tana nan, kuma bai taɓa hana kowa aronta ba. Sai dai da la'asar ta yi zai aika a karɓo masa ita, ko ba a gama huɗa ba.

Mangwaron na uku ya rayu, har ya fara 'ya'ya. Iliyasu ya canza hanyar zuwa kasuwa.