Damin Gwaggo Hajo

Bana shekara goma ke nan da muka kai Baba makwancinsa a Gangara, nan tsallaken iyakar Najeriya, kuma har yau in kaka ta yi, shi nake fara tunawa.

Baba manomi ne, amma rediyo ba ta barin kafaɗarsa. Najeriya a wurinsa babbar yaya ce. In ana hira a gindin bedi, sai ya hau ba da labarin yadda ta tsaya wa baƙaƙen Afirka ta Kudu, da yadda ta aika sojojinta rabon faɗa a ƙasashen da ko sunansu bai iya faɗa daidai ba. "Wadda ta yi wa na nesa haka," in ji shi, "mu da muka fito daga cikinta za ta juya wa baya?" Kakanninmu daga ƙasar Katsina suka hauro, kuma ƙanwarsa, Gwaggo Hajo, can take aure.

Duk shekara damin gero na farko nata ne. Ba don yunwa ba, gidanta ya fi namu hatsi. Damin shi ke shaida mata har yanzu tana da gida a nan. Da ciwo ya kwantar da Baba, wasiyyarsa gare ni ɗaya ce: kada damin Hajo ya yanke.

Na riƙe. Ko lokacin da Najeriya ta rufe iyaka saboda shinkafa, na san yadda na yi na kai. Sai shekarar da sojoji suka karɓi mulki a Yamai. Babbar yayar ta garƙame iyaka, ta yanke mana wuta, har ana maganar yaƙi. Na ɗaure dami a babur, aka mai da ni daga shinge. Wasu suna bi ta daji, amma dajin ya cika da 'yan bindiga, ni kuwa ina da 'ya'ya. Na kira Gwaggo a waya.

"Ɗana, ajiye mini," ta ce. "Ai za su huce."

Ba ta ga hucewar ba. Ta rasu iyaka na rufe, ko gaisuwa ban samu zuwa ba.

Me Baba zai ce yau? Wallahi wani lokaci har godiya nake da bai gani ba, kuma godiyar nan tana ƙona mini rai. Manya sun koma gaisawa, wai komai ya wuce. A wurinsu dai.

Abin da ya rage na Baba shi ne damin nan. Bana ma na ware shi, na aika wa babban ɗan Gwaggo, wanda ya tashi a birni. Taubashina ne, na zaci tsokana zan sha. Ya kira ni cikin ladabi, ba wasa a muryarsa, ya tambaye ni ko na sayarwa ne.