Inna da Kifayen Amana

Shekarar da yayana ya tafi Saudiyya neman aiki, abu ɗaya ya bar mana a gidanmu na unguwar Kalakla: akwatin gilashi cike da ruwa, da kifaye shida a ciki, kowanne bai kai ɗan yatsana ba. Ran tafiyar, jaka a kafaɗa, mota na jiransa a bakin titi, ya nuna wa Inna wani mai jar wutsiya ya ce, "Inna, ga amana. Musamman wannan."

Inna ta yi ƙuruciyarta tana tsinkar auduga a gonakin yankin Jazira, kifin da ta sani shi ne wanda ake kamowa a magudanar gona a soya. Kifin da za a ciyar don a zauna ana kallonsa, a wurinta wautar 'yan birni ce. Amma an riga an ce amana, sai ta jawo gadonta na igiya kusa da akwatin ta zama mai gadi.

Ba a yi wata biyu ba, wata safiya ta ƙwala mini kira. "Ke, zo ki gani, sauro ya ɓata ruwan!" Na leƙa. Ba tsutsar sauro ba ce, 'ya'yan kifi ne, ido biyu da ɗan siririn jiki. Ba mu gama murna ba uwar ta juyo ta haɗiye ɗaya a gabanmu. Inna ta saki salati, ta wawuri ludayi ta kwashe sauran zuwa kwanon sha.

Daga nan gidanmu ya koma gidan haihuwa. Kwanon sha ya cika, muka koma kwalaben zuma, muka koma bahon wanki. Ni da nake canza musu ruwa kafin in tafi aiki, raina ya fara ɓaci. Na ce mu kai su kogi mu juye, ga shi nan kusa da mu. Inna ta dube ni kamar na ce mu sayar da ƙofar gida.

"A Jazira in an bar miki akuya ta haihu, 'ya'yan na wa ne?"

"Na mai akuya."

"To, halas, magana ta ƙare."

Amma ita ma ta ga abin ya yi yawa, sai ta ɓullo da dabara irin ta gidan biki: maza a ɗakin baƙi, mata a tsakar gida. Gane su ba wuya, mazan ne masu ƙawa da yanga, matan kuwa ba ado, sai tumbi. Ta bar mazan a akwatin gilashi, ta kwashe matan zuwa babban baho a inuwa, ta karkaɗe hannu.

Bayan wata guda matan suka haihu. Inna ta ce ba komai, tsohon ciki ne, a ba su idda. Ta ƙirga musu wata uku cif. A wata na huɗu suka sake haihuwa.

Ban taɓa ganin Inna ta ji kunya irin ta ranar ba. Ta rufe bahon da faifai don kada maƙwabta su gani. Ta ɗauko tabarau ta bi matan ɗaya bayan ɗaya, ko akwai namijin da ya ɓad da kama. Ta zargi mai jar wutsiya da tsallake katanga, alhali tsakaninsu ya kai taku goma. Daga ƙarshe ta zarge ni, wai ni nake haɗa su in ta tafi gaisuwa. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, ita kuwa ko murmushi.

Can ɗakin maza kuma yaƙi ya ɓarke. Da suka rasa matan da za su bi, sai suka koma bin juna, kuma duk suka taru a kan mai jar wutsiya. Cikin mako biyu wutsiyar nan ta zama tsumma, ya maƙale a kusurwa ya daina cin abinci. Inna takan buga gilashin da cokali tana faɗa: "Kai! Aibu! Ba uwarku ɗaya ba?" A nan dariyata ta tsaya, don na ga tsoro a idonta. Wanda aka ce mata musamman shi ne yake neman mutuwa a hannunta.

Ta sa na raka ta kasuwar Omdurman, tafiyar da sai an hau mota biyu, wurin wani dattijo mai sayar da kifin ado. Namu ne, Bahaushe, amma Hausarsa rabi Larabci ce. Ya saurare ta har ƙarshe bai yi dariya ba, Allah ya saka masa.

"Ya Hajja, ma fi mushkila, ba matsala. Macen wannan kifi in ta haɗu da namiji sau ɗaya, halas, ajiya take yi. Ta haihu sau uku, sau huɗu, ba wanda ya zo wurinta."

Inna ta ja mayafi ta rufe baki.

"Mazan kuma ke kika bar su ba aikin yi. Ki maida musu mata, ki sa ciyawa da wurin ɓuya. 'Ya'yan kuma, malesh, sai haƙuri, ki bar manya su rage miki."

Ta karɓi biyu ta ƙi na ukun. Muka dawo da ciyawar ruwa, ta maida matan, ta ɗauko tsohuwar tukunyar gahawa ta ƙasa wadda bakinta ya fashe, ta wanke ta nutsa a akwatin. Mai jar wutsiya ya shige ciki kamar dama ɗakinsa ne, wutsiyar ta soma tohowa. 'Ya'yan kuwa ta dinga raba wa maƙwabta a kwalabe, kowa da gargaɗi: "Aro ne fa, na ɗana ne."

Ba ta iya rubutu ba, kaset muke ɗauka mu aika wa yayana. Rabin kowane kaset labarin kifi ne: wa ta haihu, wa ya ciji wa. Shi yakan amsa da gaisuwa da tambayar ƙafarta, kifi kuwa ko sau ɗaya.

A shekara ta biyu mai jar wutsiya ya mutu cikin tukunyarsa. Tsufa ne kawai, na faɗa mata, dattijon ma ya faɗa mata. Ta binne shi a gindin dalbejiya, ta hana ni ambata a kaset, wai irin wannan magana ido da ido ake yin ta. Shekara biyu ta riƙe abin a ranta, ni kuma tausayinta ya hana ni tsokanarta.

Ran da yayana ya dawo, gida cike da 'yan barka, bai ko sha ruwa ba ta ja hannunsa zuwa gaban akwatin. Ta ce, "Wanda ka bar mini ya rasu. Na yi iya yina. Waɗannan jikokinsa ne, wasu kuma suna gidajen mutane."

Ya dubi akwatin, ya dube ta. "Wanne? Kai, Inna, ai na ɗauka kin zubar da su tun watan farko."

Da ludayin na kusa da ni, da na ƙwala masa. Inna ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta saki hannunsa, ta gyara mayafi.

"To, amana ta ƙare," in ji ta. "Daga yau nawa ne. Matsa, kana tare musu haske."