Gwaggo Tamu da Dankalin Sallah

Kai! Duk wanda ya zauna unguwarmu a Agadas ya san ranar Babbar Sallah ko'ina ƙanshin nama yake, ban da gidan Gwaggo Tamu, yayar babana. Ita dankali take dafawa, ta kirɓa shi da dabino da cuku, ta kwarara man shanu, ta bi gida-gida da akushi. In ka ce ka ƙoshi, ta ce, "Cikinka na ganka da shi tun kana tsumma. Ci!"

Asalin abincin kuwa, kowace shekara da nata labarin. Yau kakarta ce ta koyo shi a Bilma, gobe wani madugu ne ya zo da shi daga Kano. Na ce, "Gwaggo, bara fa cewa kika yi a mafarki aka nuna miki." Ta harare ni. "To, an hana madugu shiga mafarki ne?"

Da aka samu mulkin kai, aka tara matan unguwa girkin biki, aka sauke musu buhun dankalin Turawa. Gwaggo ta ɗauki ɗaya, ta shinshina. "Masu shi sun tafi, shi me yake jira?"

Sai ga Madam Hamsatu, Bazabarmiya, matar sabon malamin lakwal, wato makarantar boko, ta tare kusa da mu. Ta ce su a Yamai, babban birni, soya dankali suke, a barbaɗa yaji.

"Yaji? A dankali? Innalillahi!" Gwaggo har gaisuwa ta janye mata.

Ran nan na leƙa madafa, na tarar da Gwaggo gaban kasko tana cin soyayyen dankali, ido na hawaye, baki na shan iska.

"Gwaggo, me zan gani?"

"Dubawa nake in ga iyakar ɓatansu. Miƙo mini sauran yajin."

Sallarta ta ƙarshe tana kwance, motocin Damagaram masu kawo kaya ba su iso ba, babu dankali ko ɗaya a kasuwa. Ta juya wa bango fuska, ta ƙi nama, ta ƙi fura. Hankalinmu ya tashi. Madam Hamsatu ce ta kwaso ɗan dankalin da ta ɓoye wa 'ya'yanta, ta durƙusa ta kirɓa da dabino, Gwaggo na gyara mata daga kan gado.

Ta ɗanɗana. "Cuku ya yi kaɗan."

Amma ta suɗe akushin tas, ta kama hannun Madam Hamsatu, ta daɗe ba ta saki ba. Wata bai sake kamawa da ita ba.

Allah Ya jiƙan Gwaggo, Ya sanyaya makwancinta, Ya ciyar da ita kamar yadda ta ciyar da mu. Amin.