Kunnen da Ya Fi Mita

Babu motar da ta taɓa yi wa Mai Kunne ƙarya. Haka yake faɗa, kuma tunda motoci ba sa musu, maganar ta zauna.

Sana'arsa haɗa kayan sauti a mota, a wani gareji bayan rumfar masu faci. Yana da mitar gwada wuta, amma tana cikin kwalinta a saman kanta, don a cewarsa mita ta 'yan koyo ce. Idan ya ɗaure amfilifaya, na'urar ƙara sauti, a but ɗin mota, sai ya sa a juya hancin motar ga bango, a tayar da inji, a kunna fitilu, shi kuma ya riƙa murɗa sauti a hankali. In kiɗa ya cika masa kunne fitilu na nan daram, wutar motar ta isa. In kuwa fitilun suka fara lumshewa da kowane bugun ganga tun kunnensa bai ƙoshi ba, to batir ne ya gaza, ko altaneta mai yi masa caji. Da wannan gwaji ya ci ya sha, ya yi aure, har ya aurar.

Sai kuma motocin zamani suka lalace gaba ɗaya. Duk wadda aka kawo, fitilunta ke riga kunnensa gajiya. Ya zargi masu ƙera batir, ya ce ko jan ƙarfen wayoyin yanzu ba shi da albarka. Ya kuma lura mutane sun koyi magana ƙasa-ƙasa, har da matarsa, wadda a da ake jiyo muryarta daga bakin titi. Wani lokaci wani tunani kan zo masa, ya kore shi kamar ƙuda. Mutumin da sunansa ke rataye a kunnensa, in kunnen ya tafi da me za a kira shi?

Wata rana da hantsi ƙanin matarsa, direban tasi, ya sake kawo motarsa.

"Mijin yaya, ka ce babban batir, na sa. Ka ce sabuwar altaneta, na sa. Saura me, in jawo waya daga turken lantarki?"

"Ka ce me?"

"Na ce ina kwana."

"Lafiya lau. Juya ta ga bango, sarkin surutu."

Mai Kunne ya zauna a kujerar direba ya fara murɗawa. Madubi ya hau rawa, lambar motar ta ɗauki kaɗawa, mai faci ya ɗauke kujerarsa ya koma tsallaken titi. Direban ya toshe kunnuwa. Fitilu suka yi ta lumshewa, Mai Kunne na girgiza kai cikin takaici yana ƙara murɗawa. Can sai fis ɗin amfilifayar ya ƙone, kiɗan ya ɗauke ɗif.

Mai Kunne bai cire hannu daga murɗawar ba. Kujera na karkarwa a ƙarƙashinsa saboda injin, ga haske ya tsaya cak a bango. Fuskarsa ta washe.

"Yauwa. Ka gani ko? Wuta ta zauna, sauti kuma ya fara fitowa."

Direban, wanda tun ranar da aka kai yayarsa gidan bai taɓa barin damar tsokana ta wuce shi ba, ya bar wannan ta wuce. Ya buɗe but, ya zaro fis ɗin, ya ɗora masa a tafin hannu. Da ɗuminsa. Mai Kunne ya daɗe yana kallon fis ɗin, ya dubi fitilun, ya kashe injin da kansa.

"Kada ka gaya wa yayarka."

Direban ya matso da bakinsa kusa da kunnensa. "Ita ta aiko ni."

A makon matarsa ta raka shi asibiti. Aka auna, aka ba shi wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bayan kunne. Batirinta bai kai maɓallin riga ba.