Ranar da Na Kira Sunanta

Wata bakwai da yi wa 'yata dashen ƙoda a Kano, ciwon ya dawo. Ƙodar tawa ce, ta hagu. Da ma likita ya ce irin wannan cuta takan bi sabuwar ƙoda, mu riƙa duba fitsarinta, in ya yi kumfa kamar an kaɗa sabulu mu garzayo. Ban ga kumfar ba, don riga ni take yi ta zubar da fitsarin da ta yi a fo. Sai da fuskarta ta kumbura, takalmin makaranta ya ƙi shiga, sannan na gane. Shekararta tara.

Ranar kasuwar Maigatari ce, duk motoci sun yi can. Kafin mu samu ta Kano, gidanmu na Ɗanzomo ya cika da 'yan dubiya. Ƙanwar surukata ta gama jera sannu, ta gyara zama.

"Ai da ma mun faɗa. An yanka mace mai lafiya, an yi asarar ƙoda a banza."

Yarinyar tana kwance bayan labule. Na ji ta ce a hankali, "Yaya, ki yafe mini, na lalata miki ita."

Yaya take ce mini, don 'yar fari ce. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta rungumarsa gaban mutane. Har ranar da za a shiga da mu tiyata ban kama hannunta ba, don surukata na tsaye. Ashe kawaicina ne ya koya mata ɓoyo. Raina ya ɓaci, kuma haushin kaina na fi ji.

Na yaye labulen, na ciccibo ta, na ɗora a cinyata tsakiyar mata. Na kira sunanta da ƙarfi har sau biyu. Wata ta yi salati, wata ta toshe baki da mayafi.

"Inna," na ce da ƙanwar surukar tawa, "ƙodar nan ba aro na yi ba. Wata bakwai yarinyar nan tana zuwa makaranta da ƙafarta. In wannan ce asara, na ji na gani."

Na juyo kan 'yata. "Ba ke kika lalata ta ba, cuta ce, kuma da ita za mu gwabza. Daga yau in kin ga kumfa, ni za ki fara kira."

"In ce Yaya?"

"Ki ce Umma. Ki ɗaga murya kowa ya ji."