Garin da Ya Kwana

A gidanmu na unguwar Lamashegu, in an sauke tuwon yamma ba a kashe murhu. Kaka ke jawo kujerarta kusa da garwashi, mu kuma mu zagaye ta. Tatsuniyoyinta da yawa sun ɓace mini, amma akwai guda da ko gobe aka tashe ni daga barci zan kawo ta, domin ranar ana tuhumata na saurare ta.

Shekarata goma sha ɗaya. Baba ya yi tafiyar mako huɗu da motar kaya, ya bar mana masara. Mma, mahaifiyata, ta kai ta injin nika-nika, ta auna garin tun yana da ɗumi, kwano ashirin da takwas, kullum ɗaya. Ni aka ɗora wa ɗiba. Rana ta ashirin da ɗaya sai ga gindin buhu.

Mma ta ce, "Rabi, gari ba shi da ƙafa. Ko ki faɗi wanda kike ba, ko Babanki na dawowa ki bar makaranta ki koma ƙauye wurin gwaggonki."

Wallahi ko cokali ban ɗauka ba, amma da wane baki zan faɗa? Na zauna gefen murhu ina jin kamar kowa hannuna yake kallo. Mma na can baya tana wanke tukunya da ƙarfi.

Kaka ta gyara murya. "Ga wata tatsuniya nan ta iso, ku matsa mata."

Wai wata mata ce za ta fatauci, ta niƙa gari, ta auna wa 'ya'yanta biyu ƙoƙo talatin, ta zuba a randa. Babbar ke rabo, ƙaramar ke ɗiba. Kafin wata ya cika randa ta yi fayau. Babbar ta ce ƙanwarta ɓarauniya ce, ta kore ta daji. Da uwar ta dawo ta ji labari, sai ta ɗora hannu a ka. Nan Kaka ta siranta murya: "Kaico, 'yar nan. Gari sabon niƙa rabinsa iska ne. In ya kwana sai ya zauna, ya danne kansa. Ƙoƙo ɗaya ne, amma nauyin ba ɗaya ba." Aka bazama neman ƙaramar, har yau ana nema.

Ban ankara ba sai na ji ƙarar tukunya ta tsaya.

"Takwara," in ji Kaka, don sunanta na ci, "ɗebo mini kwano ɗaya yadda kika saba."

Na cika shi daga ragowar buhun, na danna da tafi, na ƙara, yadda nake yi kullum don kada a ce na yi rowa. Ta sa na tankaɗe shi da rariya a faranti, sannan na mayar a hankali. Kwanon ya cika ya yi tozo, ga kuma tsibi ya rage a faranti.

Mma ta daɗe tana kallon tsibin nan. Ba ta ba ni haƙuri ba, ba halinta ba ne. Ta dai ce in tashi in goge takalmin makaranta.

Yanzu ina dafa wa ɗalibai abinci a Sagnarigu, kuma ban yarda da kwano ba sai na ɗora shi a sikeli. Abokan aiki na yi mini tsiya, wai Hajiya Kilo. Su yi ta yi. In kaya ya gaza, ma'auni nake fara tuhuma kafin in kalli hannun mutum.

Na taɓa tambayar Kaka, bayan na girma, ko an ga yarinyar nan ta daji. Ta harare ni ta ce, "Wa ya ce miki ta kai dajin? Ba ga ki nan ba? Ai ina zaune."